Ranar da Aka Ce a Sauya Ƙafa

Ƙanena bai cika shekara huɗu ba zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina. Da zazzaɓin ya sauka, sai ƙafarsa ta dama ta ƙi tashi. Iya ta kai shi wajen mai magani a bayan duwatsun Roni, Baba ya ɗora shi a jaki har asibitin Kazaure, duk aka dawo da magana ɗaya: shan inna ne, sai haƙuri. Ni ce babba, don haka ni na gaji goyonsa. Da shi a bayana nake zuwa rijiya, da shi nake zuwa talla, ƙafar nan siririya tana reto a gefen cinyata.

Bai daɗe ba ya gaji da goyo. Baba ya yanko masa sandar gora, ya koyi naɗe ƙafar a jikinta yana dogarawa da hannu biyu. Amma a cikin gida ba ruwansa da sanda. Tsalle yake da ƙafar hagu daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa zaure, har Iya ta riƙa cewa, "Auta, wata rana sai ka fasa mini tukunyar miya hankalinka zai kwanta." Kafin ya kai shekara takwas ƙafar hagun ta yi kauri kamar taɓarya.

Ƙauyenmu yana gefen Roni, kuma a lokacinmu wasan maza da kaka shi ne langa. Idan an girbe gero aka kwashe kara, gonar da ke bayan gidanmu ta zama fili. Bayan la'asar yara su rabu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya rage saura ɗaya yana tsalle a kanta. Wanda aka ture ya faɗi, ko ya saki ƙafar, ya mutu, sai ya koma gefe. Kowane gida yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi 'yan gidansu ke karewa har ya isa gindin tsamiya ya taɓa ta, a ce ya sha. Dokar ke nan, sauran kuwa yara ne ke yanke ta a fili yadda ta zo musu. In ƙaramin yaro ya shigo, a yafe masa faɗuwa ɗaya. In mutum ya gaji, ya sauya ƙafa, ba mai tambayarsa. Musu kuwa har a shaƙe wuyan riga, can kuma ka ji an kwashe da dariya an koma wasa.

Ni gyaɗa nake sayarwa a bakin filin, ƙanena yana zaune kusa da farantina yana kallo. Wata rana gida ɗaya ya rasa mutum guda, sai wani ɗan maƙeri mai baƙin baki ya ɗaga murya ya ce, "Kai gurgu, zo ka cike mana mana!" Ni tun ina ƙarama ba a taɓa yabona da haƙuri ba. Na miƙe zan wanke shi tas, sai na ga ƙanena ya yar da sandarsa, ya kama ƙafar nan da ba ta da nauyi, ya faɗa fili. Abin da sauran yara ke yi na ɗan lokaci su gaji, shi a kansa yake kwana yake tashi. Ya kauce wa wannan, ya bangaje wancan, ya tsaya cak a kan ƙafa ɗaya yana jiran na uku ya zo da gudu, ya goce masa, yaron ya ci ƙasa. Kafin magariba gidajen biyu suna faɗa a kan wa zai ɗauke shi gobe.

Daga ranar ya zama ruwa. Abin da ya fi so a filin nan, wanda ni ban gane ba sai daga baya, shi ne babu mai ce masa sannu. A hanya tsofaffi suna ganinsa sai su ce Allah sarki. A masallaci a matsa masa wuri. A gida Iya ta zaɓo masa tsoka. A bayan gidanmu kuwa, tsakanin la'asar da magariba, yara biyar za su yi masa taron dangi da iyakar ƙarfinsu, su zage shi ya rama, kuma in ya sha su yi ta cizon yatsa. Duk faɗin ƙauyen nan ne kaɗai ake jin tsoronsa, yana kuma son abinsa.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Aka daina lissafi da fam da sule, aka gina mana sababbin azuzuwa masu rufin kwano, aka ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Ni ina ajin ƙarshe, shi yana tsakiya. A cikin sababbin malaman da aka turo akwai wani saurayi da ya yi kwas na wasanni a Kano, ya dawo da usur a wuya da agogon da ake dannawa ya tsaya. Shi ya kawo labarin cewa an sa langa cikin gasar makarantu, za a yi a Kazaure, da makarantun wajen Babura da Gwiwa da namu na Roni, kuma akwai kofi.

Ba zan ce malamin nan mugu ba ne. Yana son ƙanena yadda ya iya so, har a keke yake ɗauko shi. Amma daga zuwansa langa ta tashi daga bayan gidanmu ta koma filin makaranta. Aka zana layi da toka. Cikin yara masu ɗimbin yawa da ke wasa kullum ya zaɓi 'yan ƙalilan, sauran suka zama 'yan kallo, a kore su in sun matso. Atisaye da rana tsaka, wanda ya saki ƙafa ya sha bulala biyu. Musu ya ƙare, don usur ba ya jin musu. Da yamma kuwa waɗanda aka zaɓa sun gaji, waɗanda aka bari sun yi fushi, tsamiya ta zauna ita kaɗai da awaki.

Malam da kansa ya zo zaure neman izinin tafiya da ƙanena. Baba ya ja carbi, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan ka ga yadda Allah ya yi shi. Cikin 'yan uwansa ban damu ba. Amma gaban baƙi?"

"Baba, ai gaban baƙin ne za a san shi," in ji Malam. "Duk ƙasar Kazaure babu kamarsa. Ni zan kai shi, ni zan dawo da shi."

Iya tana bayan zana tana ji, ta ce mini a hankali ita ranta bai kwanta ba. Ƙanena kuwa ya riƙe gefen rigar Baba yana cewa, "Baba, don Allah." Baba ya dube shi, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ni ma da ni aka tafi, don an sa ni tseren 'yan mata na ɗora kwalba a ka. Akori-kura aka ɗauko mana, muka tsaya a baya muna waƙa, duwatsu suna wucewa. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Ga rumfar manyan baƙi da kujeru, ga lasifika, ga 'yan sanda suna korar mutane daga layi da dorina. Aka ba 'yan wasanmu farar singileti da gajeren wando shuɗi. A gida ƙanena dogon wando yake sawa, ko wajen wasa. Da ya sa gajeren na ga ya kalli ƙafarsa, ya kalli taron. Malam ya zuba wa kowa garin gulukos a tafin hannu, suka lashe.

Da ya dogara sandarsa ya shiga fili, mutane suka fara dariya, wani ya ce Roni sun rasa mai ƙafa ne. Usur na tashi dariyar ta koma ihu. Ya shanye wata makarantar cikin gari, ya shanye ta wajen Babura, yana ratsa yara ƙarti kamar ba su nan. Masu sayar da rake suka bar rakensu suka zo kallo. Ni kwalbata tun a tsakiyar tsere ta faɗi, don idona yana can wajensa, kuma ko a jikina.

Aka tashi sallar azahar, saura wasan ƙarshe tsakaninmu da wata makaranta ta wajen Gwiwa. A nan ne manya suka zauna a rumfa. Ina kusa, an sa mu 'yan mata raba ruwan sha. Hedimastan waccan makarantar ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba don kofi nake magana ba, don lafiyar yara nake. Yaro ya yini yana tsalle a ƙafa ɗaya, ai illa ce. A raba wasan biyu, in an yi rabi kowa ya sauya ƙafa." Wani mai farin kaftani ya ce lallai wannan magana ce ta ilimi. Malaminmu ya tashi, na ɗauka zai ce ƙanena ba shi da wata ƙafar. Sai na ji yana roƙon a yarda ya canza ɗan wasa in an yi rabi. Aka ce wanda ya fara shi zai gama. Suka ɗaga hannu, aka ƙirga, aka wuce wajen. Yaran da za su yi tsallen suna can gindin darbejiya suna cin rogo, ba wanda ya taka ya tambaye su.

Na riga Malam isa wajen ƙanena, amma kafin in gaya masa sai ga shi ya iso. Malam ya tsuguna gabansa ya ce, "Ka ji abin da za mu yi. Rabin farko ka sha iya shanka, ka tara mana. In an sauya, ba sai ka yi komai ba. Kai dai kada ka bar fili. In ka faɗi, ka tashi a hankali, lokaci yana tafiya."

"Malam, ba ta ɗaukata," in ji ƙanena.

"Na sani. Daure za ka yi. Hedimastanmu ya riga ya gyara wa kofin nan wuri."

Na ce, "Malam, wannan ai ba daidai ba ne." Ya ce in rufe masa baki in koma cikin mata.

Rabin farko shi ne langa mafi kyau da na taɓa gani. A cikin 'yan Gwiwa akwai wani dogon yaro siriri, ɗan Fulani, mai laya a dantse. Shi kaɗai ya iya tare ƙanena. In suka haɗu sai fili ya yi tsit, kafaɗa da kafaɗa, kowa na neman ɗan uwansa ya karkata. Wani zubin ƙanena ya zille ya sha, wani zubin sai 'yan gidanmu sun kawo masa ɗauki. Suna cikin wata irin wannan riƙe-riƙen, ba wanda ya kai wani ƙasa, usur ya tashi. Alƙalin wasa ya ce a sauya ƙafa.

Kowa ya sauke wannan ya kama waccan. Ƙanena ya dafa kafaɗar ɗan maƙerin nan, ya sauke ƙafar dama a ƙasa, ya lanƙwasa ta hagu ya kama. Aka ce a sake shi. Ana sakinsa ya zube. Ba wanda ya taɓa shi. Aka ba 'yan Gwiwa ci tunda ruwanmu ya faɗi, aka ce ya tashi a sake. Malam yana bakin layi yana cewa, "A hankali, a hankali!" Ya rarrafa, ya dafa, ya tashi, aka saki, ya zube. Haka aka yi ta yi. Da farko wasu sun yi dariya, daga baya dariyar ta mutu, sai "wayyo" da "Allah sarki" ke tashi ta ko'ina. Na yunƙura zan shiga, ɗan sanda ya tare ni da dorina, na zage shi zagin da har yau ina mamakin yadda ya ƙyale ni.

Dogon yaron nan yana tsaye gabansa a kan ƙafa ɗaya, aikinsa ya ture ruwa, amma babu abin turewa. Ya yi ta kallo. Can sai ya saki ƙafarsa da kansa, ya taka da ƙafa biyu ya fita daga layi. Malaminsu ya tare shi da mari a gaban kowa. Yaron ya dafe kunci ya wuce bayan taro.

Lokaci ya cika kafin su kamo mu. Mu muka ci kofi. Aka kira ƙanena ta lasifika, mai sanarwa yana cewa a dubi wannan bawan Allah abin tausayi da bai bar nakasa ta hana shi ba. Babban baƙo ya shafa kan ƙanena, ya ba shi sandar sabulu da kwanon sha mai fure. A akori-kura yara suna ta waƙa suna buga jikin mota, Malam ya rungume kofi. Ƙanena ya zauna a lungu, ya ja rigata ya rufe ƙafarsa da ita. Na riƙe hannunsa har gida. Ina jin zafin abin a ƙirjina kamar ni aka yi wa.

Da mun tsaya a nan, da ina jin zai warke. Yaro ne, kuma 'yan ƙauyenmu sun san ko shi wane ne. Amma labari ya riga mu isa, Baba ya je har makaranta ya yi magana mai zafi, abin da bai taɓa yi ba. Kunya ta kama hedimasta. Da safe a wajen taro ya fito da ƙanena gaba, ya ce wannan shi ne gwarzon makaranta, ya sha wahala dominmu, daga yau duk yaron da ya kuskura ya ture shi, a makaranta ko a gida, bulala goma sha biyu. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na tabbata. Har da ƙwalla a idonsa.

Da gasa ta wuce, Malam ya rataye usur, yara suka koma bayan gidanmu. Ƙanena ya ɗau kwanaki bai fita ba, sai wata la'asar na ga ya ɗauki sanda. Na bi shi da farantina. Aka raba gida, aka ba shi ruwa kamar kullum. Ya taso da ƙarfinsa yana jiran karo, sai yara suka dare masa. Wannan ya yi kamar zai tare shi ya kauce, wancan ya faɗi tun kafin a taɓa shi. Ɗan maƙerin da ya saba kiransa gurgu ya ce, "Sannu, bi a hankali." Ya isa gindin tsamiya ba wanda ya ko goge shi. Ya tsaya a nan ya juyo ya dube su. Ya ce, "Ku zo mana." Ba wanda ya zo. Wasu tsoron bulala suke, wasu kuma abin da suka gani a Kazaure ne bai bar idonsu ba. Ya tsallako ya ɗauki sandarsa ya shige gida.

Bai sake zuwa ba. Ya daina tsalle ko a tsakar gida, sai dogara sanda a hankali kamar tsoho. Abinci sai Iya ta yi da gaske. Kwanon nan mai fure ya ƙi sha da shi, Iya ta mayar da shi na awon gero. Kofi kuwa yana ofishin hedimasta a kan kabad, ɗakin da yaro ba ya shiga sai in za a yi masa bulala.

Daga baya ni ma na zama malama, na yi shekaru ina koyarwa har na riƙe makaranta, na kuma zauna a irin wannan rumfa ba sau ɗaya ba. Ban ce manya su cire hannu daga wasan yara ba. Mu ke da fili da mota da akwatin magani, kuma akwai yaron da ba don gasa ba ba zai taɓa fita ƙauyensu ba. Amma na ga yadda muke. Mu ke son kofin, yara ke zubar da gumin. Mu zaɓi goma mu kori ɗari. In an ci, a ce malam ya iya, in an faɗi, a ce yara sun yi lalaci. A makarantata na hana bulala a filin wasa, na ce ba a sauya doka in an riga an fara gasa, kuma duk dokar da za a kafa sai an kira yaran an ji ta bakinsu. Na ware yamma guda a mako da malami ba ya taka filin, ko ni. An yi ta ce mini mai taurin kai, ban musa ba. Yanzu ina ganin jikokina da rigunan ƙwallo masu lamba, iyaye maza a bakin fili jijiyar wuya a tashe suna yi wa ɗan shekara tara tsawa, sai in ji raina ya ɓaci in tashi in bar wurin.

Bayan gasar Kazauren nan, damina ta zo ta wuce ƙanena yana zaune. Da aka yi girbi na gaba, ranar kasuwar Roni, ina zaune da farantin gyaɗa, shi yana gefena yana ƙulla mini a takarda, sai wata inuwa ta tsaya a kanmu. Dogon yaron nan ne na Gwiwa, ya ƙara tsawo, da sandar kiwo a kafaɗa. Ya rako mahaifiyarsa tallan nono.

"Adda, sannu da kasuwa," ya ce mini. "Tun safe nake tambayar gidan mai langa."

Na haɗe rai na ce, "Me za ka yi masa? Abin da kuka yi bai isa ba?"

Bai kula ni ba. Ya dubi ƙanena ya ce, "Kai, ba mu gama ba. Ina gab da kayar da kai aka busa abin nan."

Ƙanena ya ɗago. "Wa? Ni? Ai kai ne ka fara karkata."

"Ƙarya kake. Tashi mu gani."

"Na daina."

"To ka ce tsoro kake ji, in koma in gaya wa mutanen rugarmu."

Na buɗe baki zan kore shi, sai na ga ƙanena yana laluben sandarsa. Na bar wa maƙwabciyata farantin na bi su. Bayan kasuwa akwai wani busasshen rafi mai yashi inda ake ɗaure jakuna. Nan suka tsaya. Ɗan Fulanin ya jingine sandarsa, ƙanena ya jefar da tasa a kanta. Babu layi, babu alƙali, ba mai kallo sai ni da jakuna.

"Da wace ƙafa?" in ji ƙanena, yana kallonsa ƙasa-ƙasa.

"Da wadda ka ga dama. Ni ina ruwana da ƙafarka?"

Suka kama. Tun a tsallen farko na ga shekarar zama ta ci ƙanena, numfashinsa ya yi sama da wuri. Duk da haka ya riƙe. Suka zaga, suka yi karo, suka rabu, suka sake haɗuwa. Sai dogon ya yi kamar zai bi dama, ya dawo ta hagu da dukkan nauyinsa, ya saka masa kafaɗa a ƙirji. Ƙanena ya tashi sama ya faɗo a kan tsakuwar bakin rafi, ji kake tim. Gwiwar hannunsa ta fashe, jini ya fito. Yaron ya tsaya a kansa yana tsalle yana cewa, "Ka mutu! Ina bakin naka?"

Wallahi dutse na sunkuya na ɗauka. Kafin in ɗago sai na ji wani sauti da na yi shekara ban ji ba. Ƙanena ne kwance a ƙasa yana dariya, har yana tari. Ya tofar da yashi ya ce, "Shege, zamba ka yi. Sake!"

Suka sake. Suka yi ta sakewa har aka kira la'asar, mahaifiyar yaron ta aiko nemansa. Ƙanena ma ya kayar da shi, amma ƙanen nawa ne ya fi shan ƙasa, nesa ba kusa ba. Da za su rabu dogon ya ce wata kasuwar zai dawo, ƙanena ya ce ya zo da mai ɗaukarsa.

Muka kama hanyar gida, farantin a kaina, rigarsa a yage, jini ya bushe masa har wuyan hannu. Ina ta faɗa, ina cewa Iya za ta ci mu ni da shi, kuma in na sake ganin ɗan banzan nan sai na fasa masa kai. Bai ji ko ɗaya ba. Yana tafe yana juya hannun yana duba ciwon, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Muna gab da shiga ƙauye ya tsaya ya jawo gefen zanena.

"Yaya," ya ce, "kin ga yadda ya maka ni da ƙasa? Ko kaɗan bai ji tausayina ba."